Motar lantarki a kan hanyar Tambuwal: zango, caji da kuma tsada

Tun bayan da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, batun motocin da ke aiki da wutar lantarki ya tashi daga labarin ƙasashen Turai ya shigo cikin hirar masu motoci a arewacin ƙasar.

Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 kafin wannan rana ta haura naira dubu ɗaya a watan Oktoban 2024. Ko da yake farashin ya yi ta hawa da sauka daga baya, bai sake kusantar inda ya baro ba.

Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Tambuwal ko Kebbe da birnin Sakkwato, tambayar ita ce: shin motar da ba ta shan mai za ta iya wannan hanya, kuma za ta mayar da kuɗinta?

Motar da ta fi dacewa a auna wannan tambaya da ita ita ce Hyundai Kona Electric, wata ƙaramar jif ta kamfanin Hyundai na ƙasar Koriya ta Kudu. Ita ce motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Nijeriya, kuma ta daɗe a hannun jama'a a ƙasashe da dama, har an san abin da masu ita ke yabawa da abin da suke kuka da shi.

Alaƙar motar da jihar Sakkwato

A watan Nuwamban 2020 ne kamfanin Stallion ya gabatar da Kona mai lantarki da ya harhaɗa a masana'antarsa da ke Legas, a wani biki da gwamnan jihar, Babajide Sanwo-Olu, ya halarta. An sake nuna ta a Abuja a watan Fabrairun 2021, kana a watan Yunin shekarar mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya tuƙa ta a wajen wani baje kolin kayayyakin da aka ƙera a cikin gida.

Mutumin da ya fi kowa tallata wannan yunƙuri shi ne Jelani Aliyu, wanda ya shugabanci hukumar ƙera motoci da bunƙasa su ta ƙasa, wato NADDC, daga 2017 zuwa 2023. Asalin iyayensa daga Dogon Daji ne, a ƙaramar hukumar Tambuwal.

Kafin ya dawo gida, ya shafe shekaru yana aiki da kamfanin General Motors a Amurka, inda ya yi suna da zana siffar motar Chevrolet Volt da aka fara nunawa a birnin Detroit a 2007. Volt dai mota ce da ke tafiya da batir, amma tana ɗauke da ƙaramin injin fetur da ke karɓar aiki idan cajin ya ƙare.

A ƙarƙashin jagorancinsa ne hukumar ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana ta farko a Nijeriya, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a watan Afrilun 2021. Daga baya an kafa irinta a Jami'ar Legas da kuma Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. An gina tashoshin ne a matsayin gwaji, domin ɗalibai da malamai su samu abin yin bincike a kai.

Kilomita nawa take yi da caji ɗaya?

Ana auna girman batirin mota ne da kilowat-awa, wanda shi ne abin da mitar gida ke kira yunit. Kona da aka kawo Nijeriya tana da batir mai ɗaukar yunit 64, kuma an tallata ta a kan cewa tana yin kilomita 482 kafin ta buƙaci wani cajin. Akwai wata ƙanwarta mai batir na yunit 39, wadda zangonta ke kusa da kilomita 300.

To sai dai wannan adadi na 482 ya fito ne daga gwajin da ake yi a Turai, a cikin ɗakin gwaji, bisa wani tsari da ya haɗa tafiyar cikin gari da ta babbar hanya. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ma'auninta ya fi tsauri, ta bai wa wannan mota mil 258 ne, wato kimanin kilomita 415.

A wannan fanni ne masu motar suka fi yaba mata. Abin da akasarinsu ke faɗa a Turai da Amurka da Ostareliya shi ne, tana cikin motocin lantarkin da ba sa nisa da alkawarin da aka yi a kansu, kuma a cikin gari takan wuce abin da hukumar Amurkan ta ƙiyasta.

Dalilin hakan ya saɓa wa abin da direban motar fetur ya saba da shi. Motar fetur ta fi shan mai a cunkoson gari, ta fi sauƙin sha a doguwar hanya. Ita kuwa ta lantarki akasin haka take. Idan ta tsaya ba ta cin komai in ban da na'urar sanyaya ɗaki, kuma duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki, injin nata yakan juye ya zama janareta, ya mayar da wani ɓangare na wutar cikin batir.

Babban abokin gabarta shi ne gudu. Turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu idan aka ninka gudu sau biyu. A shekarar 2020, kamfanin Hyundai ya sa aka tuƙa Kona guda uku a filin tseren Lausitzring da ke Jamus a kan gudun kusan kilomita 30 cikin sa'a, ba tare da kunna na'urar sanyi ba, kuma kowacce ta yi fiye da kilomita dubu ɗaya da caji ɗaya. Wannan batir ɗin ne kuma zai iya kasa kai kilomita 350 idan aka riƙe gudun kilomita 120 cikin sa'a.

Tsakanin Tambuwal da Sakkwato, ta hanyar da ta bi ta Shagari da Boɗinga, akwai kimanin kilomita 100. Ke nan zuwa da dawowa zai ci abin da ya ɗan haura rabin batir, ko da an kunna sanyi. Wanda ya taso daga Kebbe zai ƙara wasu kilomitoci, amma shi ma zai je ya dawo da ragowar caji. Haka batun yake ga mai zuwa Jega ko Birnin Kebbi.

Inda lissafin ke sauyawa shi ne doguwar tafiya. Kano ko Abuja sun fi kilomita 500 daga wannan yanki, kuma babu yadda caji ɗaya zai kai mutum. Mai motar fetur da mai ya yanke masa zai sayi galan ɗaya a wajen 'yan bumburutu ya ci gaba. Wutar lantarki kuwa ba a zuba ta a jarka. Wanda caji ya ƙare masa a daji sai dai a ɗauko motar a kan janwe, kuma a yankin da ke fama da matsalar tsaro, tsayuwa a hanya bayan faɗuwar rana ba ƙaramin haɗari ba ne.

Zafin rana da lafiyar batir

A ƙasashe masu sanyi, babban kukan masu motocin lantarki shi ne hunturu, lokacin da ɗumama cikin mota da sanyin batir kan rage zango da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Wannan bai shafi jihar Sakkwato ba. Na'urar sanyaya mota ba ta cin wuta kamar ta ɗumamawa: a tafiyar sa'o'i biyu, abin da za ta ci bai wuce 'yan yunit kaɗan ba.

Illar zafi a wani wuri take. Batirin lithium, irin wanda ke cikin wayar salula, yana saurin tsufa idan ya daɗe cikin zafi, musamman idan yana cike maƙil. Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyas.

An ga misalin wannan a jihar Arizona ta Amurka a 2012, inda masu motar Nissan Leaf ta farko suka koka cewa batirinsu ya rage ƙarfi cikin ɗan lokaci. Ita Leaf ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa. Kona kuwa tana da shi, kuma wannan na daga cikin abubuwan da ya kamata mai saye a wannan yanki ya fara tambaya a kan kowace motar lantarki.

Kamfanin Geotab na Kanada, wanda ke bibiyar dubban motoci, ya gano cewa batir yana rasa kimanin kashi 2 cikin 100 na ƙarfinsa a shekara, kuma raguwar ta fi sauri a wurare masu zafi. Shawarar da masana ke bayarwa ita ce a ajiye mota a inuwa, a tsayar da caji a kashi 80 cikin 100 a ranakun da ba a tafiya mai nisa, kuma kada a bar batir ya kwana babu komai a cikinsa.

Caji: inda gizo ke saƙa

Hanyoyi uku ake cajin wannan mota, kuma bambancin lokacinsu mai yawa ne.

Ta farko ita ce soket ɗin gida, wanda ke ba da kilowat biyu da ɗan ɗoriya. Da shi, cika batirin daga ƙasa zai ɗauki kusan sa'o'i 30.

Ta biyu ita ce akwatin caji na musamman da ake kafewa a bangon gida, mai ƙarfin kilowat 7. Shi yakan cika batirin cikin sa'o'i tara da rabi, wato dare ɗaya. Sai dai yana jan wutar da ta fi ta iyakwandishan huɗu a lokaci guda, abin da wayarin gidaje da yawa ba zai iya ɗauka ba sai an sake shi.

Ta uku ita ce tashar caji mai sauri, irin wadda ake kafawa a gefen manyan hanyoyi, inda batirin ke kai kashi 80 cikin 100 cikin kusan sa'a ɗaya. A nan ne masu Kona a Turai suka fi ƙorafi, domin sababbin motoci na yin wannan cikin minti 20 zuwa 30. Amma wannan kuka ne na wanda yake da tashar. A Nijeriya, 'yan tashoshin cajin da ake da su galibinsu a Legas da Abuja suke.

Ke nan mai motar lantarki a Tambuwal ko Kebbe, gidansa ne gidan mansa. Wannan kuwa ya mayar da batun kan wutar Nepa.

Hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta kasa masu amfani da wuta zuwa rukuni biyar. Rukunin A ya kamata ya samu aƙalla sa'o'i 20 a rana, B sa'o'i 16, C sa'o'i 12, D sa'o'i takwas, E kuma sa'o'i huɗu. Wanda yake samun sa'o'i huɗu a rana kuma yana caji da soket ɗin gida, zai shafe mako guda kafin ya cika batirin da ya ƙare.

Jihar Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne, tare da jihohin Kebbi da Zamfara, kuma akasarin wutarta na zuwa ne daga Kainji ta tashar Birnin Kebbi. Lokacin da gobara ta lalata taransifomomi a wannan tasha a watan Satumban 2023, jihohin Kebbi da Sakkwato sun faɗa cikin duhu. A shekarar 2024 kuma, babban layin wutar ƙasar ya durƙushe sau da dama.

Akwai kuma matsalar wuta maras ƙarfi. Idan ƙarfin wuta ya yi ƙasa ainun, ko kuma gidan ba shi da wayar da ke shiga ƙasa domin kariya, na'urar cajin takan ƙi aiki baki ɗaya.

Duk da haka, ba kullum ake buƙatar cika batir daga ƙasa ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke yin kilomita 40 a rana yana cin kimanin yunit bakwai ne, abin da soket ɗin gida zai mayar cikin sa'o'i uku zuwa huɗu. Abin da masu irin wannan mota ke yawan faɗa shi ne, mutum kan koyi yi mata abin da yake yi wa wayarsa: da zarar an kawo wuta, sai a jona.

Janareta ko sola?

Abin da zai fara zuwa zuciyar mutane da dama shi ne janareta. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Ƙaramin janaretan fetur ba ya ba da fiye da yunit biyu a kan kowace lita, sau da yawa ma bai kai haka ba. Tafiyar kilomita 100, wadda ke cin kimanin yunit 18, za ta buƙaci lita tara ko fiye. Motar fetur mai irin wannan girma za ta yi tafiyar da kimanin lita takwas. Wanda ya dogara da janareta, ya sayi mota mai tsada ne kuma bai rabu da gidan mai ba.

Hasken rana shi ne arzikin da wannan yanki ya fi Turai. Arewa maso yammacin Nijeriya na cikin wuraren da suka fi samun rana a ƙasar. Farantan sola guda goma, kowanne mai wat 500, za su iya ba da yunit 20 zuwa 25 a rana mai haske. Wannan ya isa tafiyar fiye da kilomita 100 a kullum, ko kuma ya cika batirin gaba ɗaya cikin kwana uku.

Amma a nan ma akwai sharuɗɗa. Rana da rana take fitowa, lokacin da motar ke wajen aiki. Idan da dare za a yi cajin, sai an sayi manyan batura na gida da za su ajiye wutar, kuma su ne suka fi komai tsada a cikin kayan sola. Ƙurar hunturu da hadarin damina su ma suna rage abin da farantan ke samarwa, kana dole a riƙa goge su a kai a kai.

Ko ba komai, fasahar ba baƙuwa ba ce a yankin. Manoman rani da dama a fadamun arewa sun koma ga injin ban ruwa mai aiki da sola bayan tashin farashin mai, kuma masu shagunan cajin waya a kasuwanni sun daɗe suna sayar da wuta a garuruwan da ba a samun ta Nepa.

Shin tana mayar da kuɗinta?

Lokacin da aka gabatar da Kona a Legas, an sa mata farashin kimanin naira miliyan 24. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira dubu 30 ne, wato kuɗin motar ya yi daidai da albashin watanni 800, fiye da shekara 66. Tun daga nan darajar naira ta faɗi ƙwarai, musamman bayan da aka bar kasuwa ta tsayar da farashinta a watan Yunin 2023: dalar da hukuma ke sayarwa a kan kusan naira 460 ta haura naira 1,500 a 2024. Duk motar da aka shigo da ita ko da sassanta daga waje ta bi sahu.

A ɓangaren kashe kuɗin yau da kullum kuwa, motar lantarki ce ke kan gaba. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wuta ga rukunin A zuwa naira 225 a kan yunit, kafin a ɗan rage shi. Idan aka ɗauki naira 210 a matsayin misali, yunit 18 zai kama kusan naira 3,800, a ce dubu huɗu idan aka haɗa da wutar da ke salwanta wajen caji. Idan kuma aka ɗauki litar fetur a kan naira 900, lita takwas za ta kama naira 7,200. Ragowar ita ce kimanin naira dubu uku a kan kowace kilomita 100.

Wanda ke yin kilomita dubu 20 a shekara zai tsira da kimanin naira dubu 600. A kan haka za a ƙara abin da ba zai kashe wajen gyara ba, domin motar ba ta da juyen baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da salansa, kuma birkinta yana daɗewa bai cinye ba.

To amma idan motar lantarkin ta fi takwararta ta fetur tsada da naira miliyan 10, sai an shafe fiye da shekara 15 kafin ragin kuɗin mai kaɗai ya cike giɓin. Kuma a zahiri mafi yawan masu motoci a wannan yanki ba sabuwar mota suke saye ba. 'Yar Kwatano suke nema, wadda farashinta ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Wannan ya nuna cewa wanda ya fi cin moriyar motar lantarki shi ne wanda ya fi yawan tafiya a cikin zango ɗaya: motar haya, motar asibiti ko ta wata ma'aikata da ke komawa gida ɗaya kowane dare. Shi ya sa a Maiduguri, matashin nan Mustapha Gajibo ya fara da mayar da ƙananan motocin bas na haya zuwa masu lantarki, kuma gwamnatin jihar Borno ta ƙaddamar da tasi masu lantarki a ƙarshen 2023.

Gyara, kayan gyara da kuma hanya

Wani abin da ba ya fitowa a takardar talla shi ne ranar da mota ta lalace. Batirin Kona yana ɗauke da wuta mai ƙarfin fiye da bolt 350, wadda za ta iya kashe mutum nan take. Bakaniken da ya ƙware a kan Golf ko Corolla ba zai iya buɗe shi ba sai da horo da kayan aiki na musamman. Idan matsalar ta kwamfutar motar ce, mai ita zai iya samun kansa yana ɗaukar ta zuwa Abuja ko Legas.

Batirin shi ne mafi tsada a jikin motar. Farashinsa a duniya ya faɗi sosai, daga fiye da dala dubu ɗaya a kan kowane yunit a 2010 zuwa kimanin dala 115 a 2024, kamar yadda cibiyar BloombergNEF ta ƙiyasta. Ko a kan wannan farashi na masana'anta, batir mai yunit 64 ya haura dala dubu bakwai. A ƙasashe da dama Hyundai na ba da garantin shekara takwas ko kilomita dubu 160 a kansa, amma motar da aka shigo da ita a matsayin kwance ba lalle ne garantin ya biyo ta ba.

Mai sayen ta hannu yana da wani abin lura. A watan Fabrairun 2021, Hyundai ya sanar da cewa zai sauya batirin motoci kimanin dubu 82 a faɗin duniya, akasarinsu Kona da aka ƙera tsakanin 2017 da 2020, bayan da wasu suka kama da wuta. Aikin ya ci kimanin dala miliyan 900. Ya kamata a bincika lambar jikin mota a tabbatar an sauya nata, kana a nemi a auna lafiyar batirin kafin a biya kuɗi.

Sauran ƙorafe-ƙorafen masu motar sun shafi girmanta. Kujerun baya sun matse, wurin kaya ƙarami ne, abin da ke da muhimmanci ga mai babban iyali. Duk da ana kiranta jif, tayoyin gaba kaɗai ke janta, kuma tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce santimita 16 ba, ga shi kuma a nan ƙasan ne batirin yake shimfiɗe. A kan kwalta babu matsala. A hanyoyin ƙauyukan Kebbe kuwa, inda ake fama da yashi da rani, da laka da zaizayar ƙasa da damina, ba za ta yi aikin Hilux ba. Sabon samfurin da ya fito a 2023 ya fi faɗi, kuma zangonsa a gwajin Turai ya haura kilomita 500.

Ina aka dosa?

A duniya dai an riga an ɗauki hanya. Hukumar makamashi ta duniya ta ce an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17 a 2024, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. A Norway, kusan tara daga cikin sababbin motoci goma da aka saya a wannan shekara masu batir ne zalla. A nahiyar Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a farkon 2024, tana mai dogaro da wutar da take samu daga madatsun ruwa.

Nijeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, kuma a watan Oktoban 2024 ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi damar kafa kasuwar wutarsu da kansu.

Masu lura da al'amura na ganin cewa a garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe, sauyin zai fi saurin shigowa ta babur da Keke Napep, waɗanda batirinsu ƙarami ne, ana iya cika shi da farantan sola 'yan kaɗan, ko a musanya wanda ya ƙare da cikakke cikin 'yan mintoci, kamar yadda wasu kamfanoni suka fara yi a kudancin ƙasar.

Ita kuwa ƙaramar jif, abin da masu ita a wasu ƙasashe suka gano ya yi daidai da abin da lissafin wannan yanki ya nuna. Zangonta ya isa zuwa Sakkwato da dawowa, kuma kuɗin tafiyarta kusan rabin na fetur ne. Amma kafin mutum ya tambayi farashinta, akwai tambayoyi uku da ya kamata ya fara amsa wa kansa: sa'o'i nawa yake samun wuta a gidansa, sau nawa a wata yake yin tafiyar da ta wuce kilomita 300, kuma wane ne zai gyara masa ita idan ta tsaya.